Ku Tambaya Mu Amsa: Tsatsa, Tsagewar Ƙota, da Zancen Kayan Bindigar Soja na Gwanjo

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kan bindiga suke, yawanci daga mafarauta da manoma masu lasisi, sai 'yan bindigar fada. Abin da muke amsawa shi ne tsafta da ajiya da aikin katako, wato abin da mai bindiga zai iya yi da hannunsa a gida. Duk abin da ya shafi ƙarafan cikinta, aikin mai takardar izinin gyara ne.

Tambaya: Ni ma'aikacin ƙarfe ne, ina da injin gurza da na walda. Ina yawan kallon Amurkawa a YouTube suna sayen tsofaffin kayan bindigar soja da arha, su harhaɗa, su mayar da ita ta farauta. Wani ya ce zai samo mini hanci (bututun da harsashi ke bi) da sakatar tsohuwar Mak 4 irin ta 'yan sandan da. Ta ina zan fara? (Mai karatu daga Kakuri)

Amsa: Malam, kada ka fara, kuma kada ka karɓi ko noti ɗaya daga hannun mutumin nan. Ba za mu koyar da haɗa bindiga a wannan fili ba, amma tunda kai mai sana'a ne, bari ka ji dalilin dalla-dalla.

Abin da kake gani a bidiyon gaskiya ne, sai dai na ƙasarsu ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ƙasashe suka sauya makamai, aka yi gwanjon miliyoyin tsofaffin bindigogi irin su Mauser 98 ta Jamus, Mosin-Nagant ta Rasha da Lee-Enfield ta Ingila, kuma kaso mai yawa ya tafi Amurka. A dokar tarayyarsu, gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce bindiga. Hanci da ƙota da sauran tarkace kuwa a kanti ake sayar da su. Shi ya sa abin ya zama sha'awar masu ƙaramin ƙarfi a can.

A nan ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki, ta ce kowane sashe na bindiga, bindiga ne. Ta kasa su gida uku. Na farko haramtattu, wanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu ta ambaci bindigogin soja masu awon milimita 7.62 da 9, da na inci .300 da .303. Ita Mak 4 ɗin da aka yi maka alkawari Lee-Enfield ce, harsashinta .303, ka ga tana tsakiyar wannan gida. Na biyu bindigogin farauta da na iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku na ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da su. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciya ba ya gaza shekara 10. Dokar ta kuma hana ƙerawa da harhaɗawa da gyarawa sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko ga wanda aka ba izini a rubuce. A Kakurin da kake zaune akwai DICON, wadda aka kafa a 1964 don ƙera wa sojoji makamai. Wannan aikin nata ne.

Ka kuma tambayi kanka inda mutumin zai samo kayan. Sojoji da 'yan sandan Najeriya ba sa yi wa jama'a gwanjon makamai. Ke nan ko dai an sato su daga ma'ajiya, ko an yi fasa-ƙwaurinsu, ko sun fito daga hannun mutanen daji. Ran da aka bi sawun lambar da ke jikin sakatar nan, a shagonka za a tsaya.

To, a ce ma babu doka. Harsashin .303 idan ya tashi, matsin da ke cikin mazauninsa yakan kai wajen 49,000 a ma'aunin psi, ma'aunin nan da mai faci ke duba iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar 32 zuwa 35. Abin da ke tsakanin wannan matsi da idon mai harbi shi ne sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya. Tazarar da aka yarda ta kasance tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, bambancinta bai wuce rubu'in milimita ba. Shi ya sa a masana'anta ake daidaita kowace sakata da jikin bindigarta, a buga musu lamba ɗaya. Idan aka ɗauko ta wata aka zura a wata, za ta iya shiga ta kulle lafiya lau, ido ba zai ga komai ba. Sai an harba kwanson ya miƙe ya tsinke, wuta da gutsattsarin tagulla su dawo baya. Walda kuma ta fi muni, don zafinta yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, wuri ya yi laushi, wani wuri ya yi gautsi, kuma ba ka da na'urar da za ta nuna maka ina ne. A Ingila ko maƙerin da ya gaji sana'ar ba ya sayar da bindiga sai ta bi ta gidan gwaji, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, inda ake harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi a cikin rufaffen ɗaki kafin a buga mata hatimi. Kai ba ka da wannan ɗakin, fuskarka ce za ta zama wurin gwajin.

Idan mutumin ya dawo, ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Tambaya: Ina da bindigar Baikal mai hanci ɗaya, lamba 12 (awon faɗin hancinta), da lasisina. Na ajiye ta cikin kube na fata tun farkon damina, da na ciro ta bayan kaka sai na tarar da jar tsatsa a jiki da cikin hanci. Abokina ya ce in goge da samfefa in shafa baƙin mai. (Mafarauci daga yankin Kachiya)

Amsa: Baba, shawarar abokinka ta ƙunshi ɓarna biyu, kuben kuma shi ne ya fara yin ta uku. Fata tana shan laima ta riƙe, ga guntun sinadarin jima da ke cikinta, sai ta zame wa ƙarfe jiƙaƙƙen bargo na wata biyar. A Kaduna laimar iska a watan Agusta takan haura kashi 80 cikin ɗari. Kube na tafiya ne, ba na ajiya ba.

Ka fara da karya ta, wato ka buɗe ta a gaɓarta, ka leƙa ka kuma sa yatsa ka tabbatar babu harsashi. Ka cire katakon gaba, hancin zai fita daga ƙugiyarsa, ta rabu uku. Iyakarka ke nan, kada ka kwance ƙarafan kunama.

Tsatsar waje tana son haƙuri ne ba ƙarfi ba. Ka jiƙa wurin da kananzir ko man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana. Da safe ka nemi soson ƙarfe mai laushi wanda aka rubuta 0000 a ledarsa, ana samu wurin masu sayar da kayan fenti da na kafintoci. Ba soson wanke tukunya ba, shi zai karce ƙarfen. Ka tsoma shi a mai, ka riƙa shafawa a hankali kana bin tsawon hancin. Bayan kowace shafa biyar ko shida ka share da tsumma, domin garin tsatsar da ya fito ya fi baƙin rinin ƙarfen tauri, idan ka ci gaba da murza shi, shi ne zai cinye rinin. Inda tsatsar ta yi ɓawo, ka daddage guntun jan ƙarfe, kamar bakin bututun firij, ka kankare da shi. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen bindiga laushi, zai bar jan zane wanda mai ke gogewa. Samfefa kuwa za ta kwashe rinin gaba ɗaya ta bar farin ƙarfe tsirara, wanda zai yi tsatsa cikin kwana biyu. Haka tsamiya da lemun tsami da ruwan batir. Suna cin tsatsa, gaskiya ne, amma baƙin rinin nan shi ma wani nau'in tsatsa ne da aka yi da gangan, don haka tare suke tafiya.

Cikin hanci kana buƙatar sanda ta katako ko alminiyam mai tsawon santimita 90 ko fiye, da buroshin tagulla na lamba 12, da yankakken tsohon singileti, kowane yanki kamar santimita 7 a kowane gefe. Ka shiga ta baya, inda harsashi ke zama, ba ta baki ba. Ka tura tsumma mai kananzir, ka jira minti goma, sannan buroshi sau goma, kowane turi ya fita har waje kafin ka jawo. Sai busassun tsummoki har ɗaya ya fito fari. Yawancin bindigogin Baikal an shafe cikin hancinsu da farin ƙarfen kurom, don haka sau da yawa abin da ake zaton tsatsa ne a ciki, dattin dalma ne da na roba, kuma zai fita. Bayan nan ka ɗaga hancin ka fuskanci haske. Idan ciki na sheƙi, alhamdu lillahi. Idan ka ga baƙaƙen ramuka, musamman a taƙi ɗaya da rabi na farko daga mazaunin harsashi inda matsi ya fi yawa, kada ka harba sai mai izinin gyara ya auna kaurin da ya rage. Tsatsa tana goguwa, ramin da ta haƙa ba ya cikewa.

Batun mai, baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da tsami. Man gyaɗa da manja da man shanu suna yin ɗanko su daskare, su riƙe allurar bindiga har ta ƙi tashi. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa bayan an sha ruwan sama, amma ba ya daɗewa, sai an bi shi da mai na gaske. Idan babu man bindiga, man keken ɗinki ya wadatar: ɗigo huɗu ko biyar a tsumma ya isa dukan waje, ɗigo biyu ya isa ciki. Giris kamar ƙwayar shinkafa a ƙugiyar da hanci ke juyawa a kai. Da hunturu ka rage man, don ƙura na manne masa ta zama abin gurza ƙarfe.

Ajiya kuwa, a kabad ɗin ƙarfe mai makulli, nesa da bango da ƙasa, bakinta ƙasa a kan katako, don kada mai ya gangaro ya jiƙa ƙota. Ka sa ƙwayoyin silika kamar rubu'in kilo, irin ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan sun sha laima, awa biyu a obin mai zafin digiri 120 zai mayar da su sababbi. Daga Yuli zuwa Satumba ka duba ta duk mako biyu. Harsasai a wani wuri daban, shi ma a kulle.

Tambaya: Ƙanena ya harba bindigarmu, hancin ya kumbura kamar an sa masa zobe, kusa da baki. Wani maƙeri ya ce zai bubbuge wurin, ko ya yanke shi. (Manomi daga Kujama)

Amsa: Ku gode wa Allah da ya tsaya a kumburi. Wani abu ne ya toshe hancin. A ƙauyukanmu mai laifin farko zanzaro ne, yana son rami mai duhu, cikin 'yan kwanaki zai ɗebo laka ya gina ɗaki a ciki. Sai lakar da ke shiga idan an dogara bakin bindiga a ƙasa, sai tsumman da aka cusa don kare ƙura aka manta, sai robar harsashin da ya yi rauni ta maƙale a hanya. Idan harbi ya yi ƙara ƙasa-ƙasa ba kamar kullum ba, a tsaya a leƙa kafin a sa wani.

Ƙarfen da ya kumbura ya riga ya miƙe ya yi siriri, guduma za ta ɓoye aibin ne kawai. Yankewa kuma laifi ne idan hancin ya koma ƙasa da inci 20, ban da cewa maƙerin ba shi da izinin taɓa ta. Ku kai ta sashen kula da makamai na hedikwatar 'yan sandan jiha tare da lasisinku. Nan gaba kuma, duk wanda zai sa harsashi ya fara karya bindiga ya hango haske ta ɗaya bakin. Idan za a rufe baki saboda zanzaro, a sa masa safar yaro daga waje, kada a cusa komai ciki.

Tambaya: Ina cikin 'yan bindigar da ke fita Hawan Sallah da Hawan Daushe. Bayan Sallah nakan ɗura mai a cikin adakata in jingine, amma duk shekara sai ta yi tsatsa, har wani farin gari take fitarwa. (Ɗan bindiga daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, mai ba ya wanke albarushi, ruwa ke wanke shi. Idan baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya tashi hayaƙi, yana zama a jikin ƙarfe, kuma gishiri-gishiri ne masu jawo laima daga iska. Farin garin da kake gani su ne. Da ka zuba mai a kansu, rufe su ka yi suna ci a ƙarƙashi.

Wankin a ranar hawan ake yin sa, kafin a kwanta. Da farko ka tabbatar babu ɗuri. Hanyar ita ce alama a sandar ɗuri: ranar da ka san bindigar fayau take, ka zura sandar har ƙasa, ka yi mata tsaga daidai bakin hanci. Daga ranar, duk lokacin da tsagar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki. Idan haka ta faru kada ka kusantar da wuta, kada ka leƙa, ka kai wa Sarkin Bindiga ko wani dattijon da ya san yadda ake kwashewa.

Idan fayau take, ka toshe ƙaramar ƙofar wuta da tsinken sakace, ka tsayar da ita, ka naɗe katakon da leda. Ka dafa ruwa lita biyu, ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan a rabinsa. Ka cika hancin, ka bar shi minti biyar, ka zubar. Na farko zai fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka maimaita kana goga da tsumma a kan sanda har ruwan ya fito garau, yawanci sau huɗu ko biyar. Ka cire tsinken ka bar ruwa ya bi ta ƙofar wutar ita ma. Ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai zafi sosai ba sabulu, don zafin ƙarfen ya taimaka wajen busarwa. Sai busassun tsummoki, sannan mai, kuma kada a wuce minti goma sha biyar tsakani, domin wankakken ƙarfe mai ɗumi nan take yake yin ja. Washegari ka sake zura tsumma, idan ya fito da launin ƙasa ka sake shafawa. Kafin hawa na gaba ka goge man tas, in ba haka ba zai jiƙa albarushin.

Tunda zancen ya zo, akwai abubuwan da ke raba 'yan bindiga da yatsunsu. Kada a taɓa farke harsashin kanti a juye garinsa a adaka. Wannan garin daban ne, matsinsa ya ninka abin da hancin adaka zai iya ɗauka. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora ko kwalba, a auna a wani ƙaramin mazubi, domin idan akwai sauran garwashi a ciki, abin da ke hannunka duka zai tashi. Tsakanin harbi da harbi a zura ɗanyen tsumma. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta sama a ƙirga minti ɗaya cur, don takan yi jinkiri ta tashi daga baya. Hancin da aka yi da bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ta nan yake tsagewa, irin wannan ba ta cancanci fita taro ba komai kyan adonta. Harbin da babu dalma a ciki ma yana kisa a kusa, abin toshin da ke fita ya isa. A toshe kunne kuma, ƙarar bindiga ta haura desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Tambaya: Ƙotar bindigata ta tsage daga inda ta haɗu da ƙarfe, tsagar ta kai tsawon yatsa. Katakon wurin ya yi baƙi. Na sa gulun kafinta bai kama ba. (Mai karatu daga Rigasa)

Amsa: Abu biyu suka haɗu. Baƙin nan mai ne da ya shekara yana gangarowa daga ƙarfe saboda ana jingine ta baki sama, ya jiƙa katakon ya yi laushi. Sai hunturu ya zo, laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20, katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Gulu kuma ba ya kama katako mai mai. Kada ka harba ta a haka, kowane harbi ƙara buɗe tsagar yake.

Ka cire farantin gindin ƙota, za ka ga rami mai zurfi da dogon noti a ciki, a yawancin masu hanci ɗaya shi ke riƙe ƙotar. Ka sa sukundireba mai faɗin baki da ya cika tsagar notin, ka tabbatar ya zauna kafin ka murɗa. Idan ya zame gefe ya shiga tsakanin noti da katako, da kanka za ka fasa ƙotar.

Sai fitar da mai, wanda shi ne rabin aikin. Ka kankare tsohon gulun. Ka jiƙa kan ƙotar a asiton ko tina na awa ɗaya, a waje, nesa da wuta da sigari. Ka kwaɓa garin alli da asiton ya yi kauri kamar koko, ka shafe wurin, ka ajiye a inda ke da ɗumi amma ba tsakar rana ba. Allin zai tsotso man ya koma ruwan ƙasa. Ka goge ka sake, wani katakon sai an yi sau biyar ko shida cikin mako guda. Ran da allin ya bushe fari, an gama.

Gam ɗin da ya dace shi ne mai haɗi biyu, irin Araldite mai jinkirin kamawa, ba na minti biyar ba, don na gaggawa yana daskarewa kafin ya ratsa. Ka haɗa su daidai wa daida. Ka buɗa tsagar kaɗan da tsinke, ka ɗan ɗumama katakon a rana don gam ya tsinke ya shiga, ka tura shi da zare ko bakin leda mai kauri, kana matsawa kana saki har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ka share abin da ya fito, ka naɗe da yankakkiyar robar tayar keke, tana matsewa ko'ina daidai ba ta kuma bar tabo. Awa 24 kafin ka kwance, kwana uku kafin ka mayar. Notin kuma a ɗaure shi ya kama, ba a yi masa ƙarfin tsiya ba. Idan tsagar ta zagaye wuyan ƙota, ko katakon yana marmashewa a farce, gam ba zai yi ba, sai sabuwar ƙota.

In kana so ka gyara fuskarta gaba ɗaya, inda ya lotsa ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga na daƙiƙa goma, tururi zai tashe shi. Sai samfefa lamba 180, 240, 320, kana bin jijiyar katako, kuma kada ka ci gefen da ke haɗuwa da ƙarfe. Ka shafa dafaffen man linsid, wato man da ake shafa wa katako, cokalin shayi ɗaya ya isa shafa guda, ka murza da tafin hannu, bayan minti ashirin ka goge duk abin da bai shiga ba. Shafa ɗaya a rana, kwana shida zuwa takwas. Wanda ya bar shi da kauri zai samu ƙota mai danƙo har wata guda. Tsumman linsid idan aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa, a shanya shi a buɗe ko a jefa a ruwa.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar bindiga mai hanci biyu da takardunta. Babban ɗanmu yana so ya riƙe ta. Ya halatta? (Uwargida daga Unguwar Rimi)

Amsa: Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Bindigar tana cikin gado, amma lasisi ba ya cikinsa, na mutum ɗaya ne kuma ya ƙare da rasuwarsa. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa damar riƙe bindigar kwana 14 kacal bayan rasuwar. Ku sanar da DPO na unguwarku, ku nuna lasisin da shaidar rasuwa, su faɗa muku yadda za a kai ta ma'ajiya. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan bindigar da lambarta da adadin harsasai, ku yi masa hoto. Ɗanku zai nemi nasa lasisin, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai matsalar gani ko ta hankali, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. 'Yan sanda sun sha dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka zai iya jira. Kafin a zo ɗauka, kada kowa ya ɗauka cewa babu harsashi a ciki. A kulle ɗakin, a hana yara shiga.

Tambaya: A jikin hancin bindigata an rubuta 12/70. Na samu harsashi mai 12/76 kuma ya shiga daidai. Zan iya amfani da shi? Sannan tana ɗan girgiza idan na rufe ta. (Mai karatu daga Kafanchan)

Amsa: A'a. Lamba ta biyu tsawon mazaunin harsashi ne a milimita, kuma ana auna kwanso ne bayan ya buɗe, ba yadda yake a naɗe ba. Shi ya sa mai 76 ke shiga mazaunin 70 salin-alin. Idan ya tashi, bakinsa ba shi da wurin buɗewa sai cikin inda hanci ya fara tsukewa, hanya ta ƙuntata, matsi ya hau, ga shi dama ɗurinsa ya fi nauyi. Gajere a dogon mazauni babu laifi, dogo a gajere ne haɗari. Wasu tsofaffin bindigogin Ingila ma 65 ne, ko mai 70 bai dace da su ba. Ka kuma raba aljihunka da harsashin lamba 20, domin yana zurmawa cikin hancin lamba 12 ya maƙale a gaba, a ɗora wani a bayansa, a harba hancin ya fashe.

Girgizar kuma ka gwada ta haka, bayan ka tabbatar babu harsashi: ka cire katakon gaba, ka rufe ta, ka riƙe ƙota ka kaɗa ta hagu da dama. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, ko ka ɗaga ta a haske ka ga haske na ratsawa tsakanin gindin hanci da fuskar jiki, ƙugiyar ta ci. Harsashi mai nauyi da rashin giris ne ke jawo haka. Masu dabarar cusa guntun gwangwani ko ɗiga walda a wurin suna kashe ƙarar ne, makullin kuwa yana nan a sake, wata rana ta buɗe da kanta lokacin harbi. Ka ajiye ta, ka tambayi sashen makamai na hedikwatar 'yan sanda sunan wanda ke da izinin gyara, ka tafi da lasisinka.